Ranar da Muka Ɓoye Yaran da Aka Zo Nema

Tun da na ajiye aikin koyarwa abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Wani lokaci tsohon ɗalibina zai tare ni a kasuwa ya durƙusa yana gaishe ni, ni kuwa in yi ta amsawa ina murmushi alhali ban san ko wane ne ba. Amma akwai wata ranar Laraba da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce na tsaya da ƙafafuna a bakin ƙofar makaranta ina korar yaran da aka taso takanas domin a taimaka musu.

A lokacin ni ce shugabar wata makarantar firamare ta gwamnati can ta wajen Rigasa. Yawancin yaranmu 'ya'yan leburori ne da direbobi da masu talla, waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Zamfara neman abinci. Yaro zai zo mana a tsakiyar shekara, ba takarda ba komai, sai a dubi tsawonsa a ce wannan ya yi kama da ɗan aji huɗu, a tura shi aji huɗu. Ƙarshen shekara kowa ya wuce gaba, ko ya iya ko bai iya ba. Da haka za ka tarar da yarinya a aji biyar tana kwafe duk abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, amma ka nuna mata harafi ɗaya ka ce mene ne wannan, sai ta sunkuyar da kai. Duk mun san da haka, kuma duk mun iya kawar da kai.

A samanmu akwai wani babban jami'i a ofishin ilimi da ke kula da makarantun yankin. Ba zan kama sunansa ba, Yallaɓai muke ce masa, shi ma ya fi son hakan. Mutumin nan ban taɓa ganin wanda ya kai shi son bita ba. In dai an ce za a ƙara wa shugabanni sani, to sunansa ne na farko a takarda. Bangon ofishinsa kuwa ba ka ganin fenti, ko'ina satifiket ne a cikin gilashi, har bayan ƙofa. Idan ka shiga da matsalar rufin aji da ke yoyo, sai ya fara zagayawa da kai bangon nan yana gaya maka wannan a wane otal aka ba shi, wancan wa ya miƙa masa. Ka fito ka san tarihin otal-otal, rufi kuma yana nan yana yoyonsa.

Wata shekara aka kira bita ta kwana biyar a cikin gari, ta shugabannin ofisoshin ilimi, aka haɗa da kaɗan daga cikinmu shugabannin makarantu. Abin da aka koyar ba wani abu ne mai wuya ba. A gwada kowane yaro shi kaɗai a ga inda karatunsa ya tsaya. Sannan kowace safiya a ware awa ɗaya a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba. Waɗanda ba su san haruffa ba wuri guda, masu haɗa kalma wuri guda, masu karanta labari wuri guda. Wanda ya ƙware a nan a matsa da shi gaba.

Yallaɓai ya zo ranar buɗewa cikin babbar riga, ya zauna a gaba, aka ɗauki hoto. Da aka fita shan shayi sai ya ajiye jakar da aka raba mana a kan kujerarsa ya ɓace. Jakar nan ita ta halarci bitar a madadinsa har kwana uku, kuma in faɗi gaskiya ta fi shi natsuwa. A rana ta uku ne mai koyar da mu ta yi bayanin da ya fi komai muhimmanci. Ta ce bayan wasu makonni za su zaga makarantu, kuma makarantar da suka tarar tana da yara da yawa da aka bari a baya, ita za su ɗauka. Za a ƙara mata malamai, a ba ta littattafai, a kuma sa awar nan a cikin jadawali a hukumance. Ta maimaita har sau biyu cewa buƙata suke nema, ba ƙwarewa ba. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi. Ranar rufewa Yallaɓai ya dawo, ya karɓi satifiket, shi ne ma ya yi jawabin godiya a madadinmu, yana cewa wannan bita ta buɗe masa ido.

Da na koma makaranta na tara malamai na yi musu bayani, yawancinsu suka bi ni da to. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, wani dattijo da ya kusa ritaya, wanda kowa ke kira Baba Malam. Ya yi dariya ya ce ai haka aka koyar da su tun suna yara, yanzu ne aka sa wa abin sabon suna aka kai shi otal. Shi da ni muka zauna muka gwada yaran aji huɗu da biyar ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani ya sa na ji kunyar kujerar da nake zaune a kai. Waɗanda ba su san haruffa ba sun fi ƙarfin aji guda, sai ƙarƙashin bishiyar darbejiya muka shimfiɗa musu tabarmi.

Baba Malam ya yanka kwalaye ya rubuta haruffa da hannunsa, ya karɓi rukunin nan na ƙasa. Awar da muke amfani da ita ta sata ce, daga lokacin shara da taron safe muka gutsuro ta, don ba ta cikin jadawalin da ofis ya aiko. Na san ba za ta ɗore ba sai an amince da ita daga sama. Shi ya sa duk fatana yana kan zuwan baƙin nan. In sun ɗauke mu, yaran ƙarƙashin bishiya sun tsira. In ba su ɗauke mu ba, kowa zai koma ajinsa ya ci gaba da kwafar abin da bai san mene ne ba.

A cikin yaran akwai wata yarinya 'yar aji biyar, doguwa, ta girmi sauran. Daga Zamfara suka zo, mahaifinta yana tura kurar ruwa a unguwa. Da farko ko ɗaga ido ba ta yi. Amma cikin 'yan makonni ta haddace haruffa ta fara haɗa kalmomi, har ta kai duk inda ta ga rubutu sai ta tsaya. Na taɓa samunta a gaban allon sanarwa tana bin layi da yatsa, bakinta yana motsi. Baba Malam ya yi mata alkawari cewa ranar da baƙi suka zo ita za ta tashi ta yi musu karatu. Ya rubuta mata layi uku a takarda, ta naɗe ta sa a aljihun riga, kullum tana bita.

Takarda ta zo cewa baƙi za su iso ranar Laraba. Ranar Litinin sai ga Yallaɓai ya zo duba shiri. Rabonsa da makarantar tun kafin damina. Yana shigowa ya yi kiciɓis da taron ƙarƙashin bishiya, manyan yara suna bin Baba Malam suna maimaita haruffa da ƙarfi. Ya tsaya cak ya cire tabarau. Ya ja ni ofis ya tambaye ni ko so nake in tona masa asiri a gaban baƙi.

Na buɗe littafina na nuna masa wurin da na ja wa layi. Na ce masa, ranka ya daɗe, waɗannan yaran su ake zuwa nema, an faɗa mana a bita. Ko kallon littafin bai yi ba.

"Hajiya, shekarata nawa ina karɓar baƙi? Baƙo bai taɓa zuwa don ya ga abin kunya ba. Abin da suke faɗa a bita daban, abin da suke rubutawa a rahoto daban. Ni ma ai ina wurin."

Na so in ce masa jakarka dai tana wurin, amma na haɗiye. Ya zayyana mini yadda za a yi, kuma ba sabon abu ba ne, haka muka saba tun ina ƙaramar malama. Duk lokacin da za a yi baƙi, a sallami yaran da ba su da ƙoƙari, a ɗebo masu ƙoƙari a cike gurbinsu, a share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Abin da ya ƙara wannan karon shi ne a raba yaran gida uku kamar yadda ya gani a hoton da ke jikin takardar bita, don baƙi su san shugabanni sun fahimci sabon tsari. Rukunin haruffa ma a cike shi da 'yan aji shida, a zaɓo gajeru.

Da na ƙara buɗe baki sai ya tuna mini, cikin murmushi, cewa akwai makarantu can nesa, gaba da Rigachikun, da suka daɗe suna neman shugaba mai ƙwazo irina. A Kinkinau nake zaune, mahaifiyata tana hannuna ba ta da lafiya, saura 'yan shekaru in yi ritaya. Na ce masa to. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, don a can cikin raina har na fara cewa wataƙila shi ne da gaskiya. Duk baƙin da na taɓa gani kafin nan, abin da aka gyara musu suke kallo su yaba su tafi.

Da na gaya wa Baba Malam, ya yi ta jujjuya kwalayensa a hannu. Can ya ce shi ba zai iya gaya wa yaran ba, in faɗa musu da bakina. Ranar Talata na je ƙarƙashin bishiya na ce musu gobe hutu ne gare su, saboda sun yi ƙoƙari. Wasu suka yi murna. Wasu manyan cikinsu kuwa sun gane, na ga hakan a fuskokinsu.

Ranar Laraba na zo da wuri na tsaya a bakin ƙofa, don na san dole wasu su zo. Sun kuwa zo, na yi ta mai da su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga yarinyar nan. An wanke mata riga, hijabinta har da karin guga, abin da ban taɓa gani a jikinta ba. Ta gaishe ni ta zaro takardarta ta ce ta iya duka, ko ta karanta mini in ji. Na ce mata ba yau ba. Ta ce ai Baba Malam ya ce yau ne. Na ɗaga murya na ce ta wuce gida na ce. Ta naɗe takardar a hankali ta mayar aljihu ta juya. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Wajen ƙarfe goma baƙi suka iso. Yallaɓai yana ta leƙen hanya yana jiran jerin motoci, sai ga mota ɗaya da mutum uku. Shugabarsu wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da atamfa da mayafi, ba ta da yawan magana. Yallaɓai ya yi jawabin maraba mai tsawo, ya zuba duk manyan kalmomin da ya tsinta ranar buɗe bita da ranar rufewa. Matar ta saurara har ya gama, sannan ta ce a kai ta wurin yaran da ba su san haruffa ba.

Muka kai ta ƙarƙashin bishiya. Ga 'yan aji shida nan a jere a kan tabarma, tsaf da su. Baba Malam yana gefe a tsaye, ya ƙi zama. Matar ta tuɓe takalmi ta zauna cikin yaran, ta ɗaga kwali. Kafin ta gama ɗagawa sun faɗi harafin. Ta ɗaga wani, haka. Ta fito da katin kalmomi, suka cinye shi. Ta miƙa wa wata yarinya ɗan littafin labari, yarinya ta karance shafi guda ba ta ko numfasa ba, har da sauya murya a wurin da kura take magana. Wai waɗannan su ne mafi rauni a makarantar. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ƙarya ce tsagwaronta. Yallaɓai kuwa sai gyara babbar riga yake yi yana kallona, wai in ga aikin gwaninta.

Matar ta tashi ta karkaɗe zaninta ta ce ma sha Allah, ashe wannan makaranta ta wuce inda suke tsammani. Yallaɓai ya ce ai aikin shugabanci ne da yawan ƙaro sani. Da za su tafi, ya tsaya yana nuna wa sauran biyun duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa, sai matar ta rage tafiya har muka jera ni da ita. Ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ni ma na daɗe ina koyarwa kafin in zo wannan aiki. Tabarmin can sun fi yaran da ke kansu yawa, kwalayen kuma sun sha hannu. Ina yaran suke?"

Na waiwaya. Yallaɓai bai fi taku goma daga inda muke ba. Allah ya ba ni dama a tafin hannuna, kalma ɗaya kawai ake nema. Na ce mata, "Su ke nan, Hajiya."

Ta dube ni, irin kallon da har yau ban manta da shi ba. Ta ce to shi ke nan, ita abin da aka nuna mata shi za ta rubuta, ba ta da ikon rubuta wanda ba ta gani ba. Ta shiga mota suka tafi.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Ba a ɗauke mu ba. An ɗauki wata makaranta a wajen Rigachikun, wadda Yallaɓai bai samu zuwa ya shirya ba saboda nisa. Shugabanta ya bar yaransa yadda suke, baƙi suka gani da idonsu, aka tura masa malamai da littattafai. Mu kuwa aka aiko mana da wasiƙa mai ladabi cewa bisa abin da aka gani yaranmu ba sa buƙatar wannan taimako. Na ɗauka in Yallaɓai ya karanta zai ji kunya. Ina! Sai ya kai aka sa wasiƙar a gilashi ya rataye ta a bangonsa, yana nuna wa mutane a matsayin yabo. Ya kuma aiko da umarni a daina zaman ƙarƙashin bishiya, tunda a rubuce yake cewa kowa ya iya karatu, don me za a ci gaba da ɓata lokacin shara.

Baba Malam ya tattara kwalayensa ya ɗaure da roba ya ajiye mini a kan tebur. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu har ya yi ritaya. Yara suka koma azuzuwansu, a can baya inda suka saba zama.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a zangon da ya biyo baya. Wasu mutane suka zo duba rufin da ke yoyo, ba ruwansu da karatun kowa. Ina cikin aji biyar ina riƙe wa wata malama da ta je asibiti, sai motarsu ta shigo harabar makaranta. Yarinyar nan ta leƙa ta taga ta gan su. Ba wanda ya ce mata komai. Ta rufe littafinta, ta sa a jaka, ta miƙe. Sai na ga sauran 'yan ƙarƙashin bishiya su ma suna tattara nasu, ɗaya bayan ɗaya. Ta zo gabana ta ɗan rusuna.

"Malama, baƙi sun taho. Mu tai gida?"

Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma da gatse ba. Ta faɗa ne kamar yarinyar da ta koyi darasi da kyau tana so a ga ta iya. Makonni Baba Malam ya yi yana koya mata haruffa, ni kuwa cikin safiya ɗaya na koya mata cewa ita abin ɓoyewa ce, kuma nawa darasin ya fi zama. Na ce su koma su zauna. Suka zauna suna kallon juna, ba su yarda da ni ba.

Kafin ƙarshen shekarar iyayenta suka tashi daga unguwar, ban san inda suka koma ba. Ban san ko ta ƙarasa koyon karatu ba, kuma ban taɓa jin layi ukun nan da ta so ta karanta mini ba. Yallaɓai kuwa an ƙara masa girma daga baya, na ji an ce har shi ake gayyata yanzu ya yi wa ƙananan shugabanni jawabi a bita. Allah ya kyauta.

Na daɗe ina jin haushinsa, har yau ma in na tuna bangon nan raini ne ke cika mini ciki. Amma shekaru sun nuna mini cewa shi bai ji bayanin ba, ni ce na ji, har na ja masa layi. Abin da na koya shi ne, duk bitar da za a kai shugaba ba ta da amfani in ba zai iya tsayawa a gaban baƙo ya ce ga inda muka gaza ba. Yaron da ka ɓoye don kada a ga kasawarka, ka ɓoye shi ne daga mai taimakonsa, kuma shi ya san abin da ka yi. A sauran shekarun da na yi a kujerar ban sake mai da yaro gida saboda baƙi ba. Duk wanda ya zo, bayan aji nake fara kai shi, wurin masu sunkuyar da kai, in ce masa ga su nan, yarana ne. Sai dai wadda ta fi cancanta ta ji na faɗi haka ta riga ta tafi.